Zomo Na Kowa Ne, Gona Kuwa Da Mai Ita

A ranin bara aikin duba malaman da mu ke horarwa ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Jahun. Makarantar ƙauyen tana da ɗan lambu a bakin fadama, an kewaye shi da darni, yara sun dasa albasa da tumatir, suna ban ruwa safe da yamma. Ranar da na isa na tarar darnin a kwance, fangali goma sha ɗaya an tattake su kamar an yi sukuwa a kai. Da na tambaya aka ce mafarauta ne suka taso zomo daga jigawa, ya kutsa ta ƙarƙashin darni, karnuka suka bi shi, mutane wajen talatin suka bi karnuka.

Da maraice aka taru a ƙofar gidan dagaci. Shugaban mafarautan, dattijo ne mai furfura, bai yi musun ɓarnar ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, tun zamanin kakanninsa in an kau da amfanin gona daji ya zama na kowa, bai taɓa jin an nemi izni a bi zomo ba. Babban malamin makarantar kuwa ya ce shi bai hana kowa zomo ba, albasar yara ya ke kuka. Na saurare su duka biyu, na ga kowanne yana da gaskiya. Dattijon yana faɗin yadda ƙasar ta ke a da, malamin yana faɗin yadda ta ke yanzu. To, tun da ku malaman ofis da malaman makaranta ku ne a kan zo wa da irin wannan magana a ƙauye, na ga ya kamata mu zauna mu dube ta daga tushe.

YADDA A KE A DA

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da tsari. Akwai maharbi, mai fita shi kaɗai da kwari da baka ko da bindigar adaka. Akwai kuma farautar gayya, wadda a ke yin shela, a buga ganga, matasa su fito da karnuka da gora da kere da barandami, su yi sahu su kora daji. Masu wannan sana'a suna da shugabanninsu, kamar Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda su ke ƙarƙashin sarakunan gari. Ba a fita da damina. Sai an yi girbi, an ɗaure dawa da gero an kai rumbu, ciyawa ta bushe, sa'an nan a ke kiran farauta.

A wannan zamani maganar dattijon daidai ce. Da zarar an kwashe amfani, gona ta kan koma fili. Shanun Fulani su shiga su ci kara su bar taki, mata su tsinci itace, mafarauci ya ratsa da karensa. Babu abin da ƙafarsa za ta ɓata. Tsakanin gari da gari kuma akwai saura da sunƙuru masu faɗi, inda gada da barewa da zabin daji su ke kiwo. Har wa yau, iznin nan da a ke cewa ba a nema, a gaskiya an riga an neme shi a dunƙule, gama ba a buga gangar farauta sai da sanin mai gari. Watau izni yana nan tun da, sai dai a bakin mutum ɗaya a ke karɓarsa a madadin kowa.

ABIN DA YA SAKE

Abu na fari shi ne yawan jama'a. Ƙaramar Hukumar Jahun tana da faɗin murabba'in kilomita 1,172, adadin jama'arta kuma mutum 229,094 ne a ƙidayar shekarar 2006. In ka raba, kowane murabba'in kilomita ya tashi da kusan mutum 200, kuma tun daga lokacin ƙaruwa a ke yi. Ƙasar da ta cika haka ba ta barin saura. Dajin da ke tsakanin Jahun da Aujara, ko tsakanin Gunka da Kale, yawancinsa yau gonaki ne masu iyaka, kowace da mai ita.

Abu na biyu shi ne noman rani. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sake, injin ban ruwa kuma ya maye gurbin jigo. A fadamun Harbo da na Miga maƙwabciyarta, watannin da a da su ne na farauta su ne yanzu watannin shinkafa da alkama da albasa da tattasai. A kan tudu ma akwai rogo da ke kwana a gona, akwai garkar mangwaro da gwaiba da aka dasa da kuɗi. Ko karan dawa da harawa, waɗanda a da a ke bari a watse, yau dukiya ce, a kan tara su a sayar. Ashana ɗaya da aka ƙyasta don a fitar da gafiya daga rami ta isa ta cinye abincin dabbobin gida guda na shekara.

Abu na uku shi ne tsoro. Shekarun nan na satar shanu da satar mutane sun sa duk wanda ya hangi baƙin fuska da makamai a bayan gonarsa ba zomo ne zai fara faɗo masa a rai ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo ba a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 16 suna kan hanyarsu ta komawa gida Kano don Salla, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ƙazafin satar mutane, aka kashe su. Bayin Allah nan ba su shiga gonar kowa ba, zalunci ne tsantsa aka yi musu. Na kawo zancensu ne don a ga irin zamanin da mu ke ciki. Mafaraucin da aka san da zuwansa, aka san sunansa da garinsa, ya fi zama cikin aminci bisa ga wanda aka gani kwatsam.

GONA TA WA CE?

Wani mai wayo ya kan ce, ai doka ta ce ƙasa duk ta Gwamnati ce, saboda haka manomi ba shi da ikon hana kowa. Wannan rabin karatu ne. Gaskiya ne tun dokar ƙasa ta 1910, da ta 1916, da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, an ɗora ƙasar Arewa a hannun hukuma bisa amana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda a ke aiki da ita yau, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin riƙo na gargajiya a karkara. Amma ita wannan dokar ce ta tabbatar wa wanda ya ke noma gonarsa tun kafin 1978 cewa zai ci gaba da riƙonta kamar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Gwamna yana iya karɓar gona don amfanin jama'a ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Wannan ba ya nufin kowane mai kare ya zama Gwamna.

Final Kod, watau dokar laifuffuka da aka yi wa Arewa a 1959, wadda jihohinmu suka gada, ta yi bayanin laifin kutse a sashe na 342: shiga abin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsorata shi, ko cin mutuncinsa, ko ɓata masa rai, haka kuma zama a ciki da irin wannan nufi bayan an shiga. Ku lura, dokar ba ta tambayi takardar mallaka ba, ta tambayi wanda abin ya ke hannunsa. Ɓarnar dukiya da sa wuta kuma kowanne laifi ne mai zaman kansa. Wanda mai gona ya ce masa fita ya ƙi, ko ya karya shinge ya tattake shuka, ya jawo wa kansa tsayawa gaban alƙali.

Littattafan fiƙihu da mu ke karantawa a zaure ba su saɓa da wannan ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta farauta in don bukata ce, ta karhanta ta in don wasa ce kawai. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa naman daji na wanda ya riga kama shi ne, har sun yi bayanin hukuncin dabbar da aka koro ta faɗa tarkon wani ko ta shiga gidan wani. Amma babu inda halaccin naman ya halatta ɓarnar da aka yi wajen kama shi. Wanda ya ɓata dukiyar wani, biya ya hau kansa. Zomon halal ne, albasar da aka tattake bashi ce.

IZNI UKU NE, ƊAYA BA YA ƊAUKE ƊAYA

A nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa. Izni na fari na makami ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa riƙon bindiga a ƙarƙashin lasin, kuma wannan al'amarin 'yan sanda ne. Izni na biyu na dabbar ne. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada kowace da gyare-gyarenta, ta kasa dabbobi kashi kashi, akwai waɗanda aka hana kashewa, akwai waɗanda sai da lasin. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙara da dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Izni na uku shi ne na mai gona.

Mai lasin bindiga ba shi da ikon shiga lambun kowa saboda lasin nan. Mai gona kuma ba shi da ikon halatta maka dabbar da doka ta hana, ko da a tsakiyar gonarsa ta ke. Haka nan akwai wuraren da ba manomi ba dagaci da zai iya ba ka izninsu, watau gandun daji na hukuma. Misali shi ne dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja, matattarar tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai da hunturu, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaukaka shi, tare da dajin Falgore na Kano, su shiga sahun gandayen daji na ƙasa. Burtali da makiyaya su ma suna da masu haƙƙi a kansu, garken da karnuka suka firgita ya watse cikin gonaki rigima ce sabuwa.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. Duk ƙasar da jama'a suka yi yawa daji ya ƙuntata, sai ta kai ga wannan tambaya. A Ingila dokar farauta ta 1831 ta sa tara a kan wanda ya shiga ƙasar wani da rana yana neman nama, ta kuma ƙara nauyin tarar in mutum biyar ne ko fiye suka shiga tare. A Faransa dokar 1844 ta hana farauta a ƙasar wani sai da yardarsa. A Amurka jihohi da dama, kamar Texas, sun yarda mai gona ya shafa fenti shunayya a jikin itatuwan iyakarsa, wannan alama ta zama daidai da allon hana shiga, waɗansu jihohin kuma sai da izni a rubuce.

Amma tsarin da ya fi kama da halinmu shi ne na Jamus. A can sai mai ƙasar da ta kai hekta 75 a haɗe ya ke da yankin farauta na kansa. Masu ƙananan gonaki kuwa doka ta haɗa su ƙungiya ɗaya a kowane gari, ƙungiyar ce ta ke ba da hayar farautar yankin gaba ɗaya, a kan kuma yi sharaɗin wanda zai biya ɓarnar da namun daji suka yi wa shuka. Dalilin a fili ya ke: dabba ba ta san iyakar gona ba, kuma ba shi yiwuwa mafarauci ya tsaya a bakin kowace kunya yana sallama. Gonakin ƙasar Jahun ƙanana ne, zomo ɗaya ya kan ratsa goma kafin a kama shi. Saboda haka abin da Jamusawa suka rubuta a doka, mu muna da shi a ƙofar gidan dagaci, sai dai mu raya shi.

YADDA ZA A NEMI IZNI

Na fari, a tafi da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaban farauta ya je da kansa, kwana uku ko huɗu kafin ranar, ba da kare ba, ba da makami ba. Ya fara da dagaci ko mai unguwa, ya faɗi sunansa da garinsa, da yawan mutanensa, da ranar da za su zo, da yankin da su ke nufi. In daga wata gunduma suka fito, ya kyautu su zo da takarda daga hakiminsu, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Na biyu, dagaci ya sa a yi shela, don mai lambu da mai rogo da mai tarin kara su sami damar magana. Wanda ya ce ban da gonarsa, to, ban da ita, ba sai ya kawo dalili ba. A kafa alama a iyakarta, ko tsumma a kan sanda, yadda mai gudu zai gani.

Na uku, a san wanda za a tambaya. Gona tana iya zama ta gandu, sai a nemi babban gida. Tana iya zama a hannun mai aro, ko mai haya, ko mai jingina, to, wanda shukarsa ke tsaye a ciki shi ne ƙafa za ta yi wa ɓarna, shi za a fara nema. Tana iya zama gadon mace ko na marayu, a nemi ita ko waliyyinsu, kada a ce ai babu namiji a kai. Iznin yaron da aka tarar yana tsaron tsuntsu ba izni ba ne.

Na huɗu, a yi sharaɗi a fili. Ba sa wuta. Ba karya darni ko shinge. Ba haƙa rami a bar shi buɗe, gama ramin gafiya da aka tone ya kan karya ƙafar saniya. Ba harbi wajen gidaje ko wajen masu ban ruwa. In dabba ta faɗa gonar da aka hana, a kira karnuka, mutum ɗaya ya je ya yi sallama. In an yi ɓarna, a san tun da fari wanda zai tsaya a ƙiyasta a biya.

Na biyar, a koma a yi godiya. In an samu, a aika wa mai gona da ɗan abin miya. Izni na rana ɗaya ba na shekara ba ne, wanda aka ba mutum biyar kuma ba na hamsin ba ne. Manomi da yawa yana murna da mafarauci, domin gafiya da kurege da ɓera suna cinye masa gyaɗa da rogo. Abin da ya ke ƙi shi ne raini.

Ga misalin takardar da malamin dagaci zai iya rubutawa, kofi biyu, ɗaya a hannun mafarauta, ɗaya a ajiye: "Ni wane, dagacin gari kaza, bayan shela da shawara da masu gonaki, na yarda wane ɗan wane na gari kaza, da mutanensa su kaza, su yi farauta a yanki kaza ran kaza ga wata kaza, daga hantsi zuwa la'asar. Ban da lambuna da gonakin da aka sa wa alama. Ba sa wuta. Ɓarnar da aka yi, wane ya ɗauki nauyin biya." Sai sa hannu ko dangwala yatsa, da shaidu biyu. Ba ta fi layi shida ba, amma ranar gardama ta fi rantsuwar mutum ashirin amfani.

NAMU AIKIN

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da Jahun ta ke gunduma a ƙarƙashin Kano, malamin hakimi shi ne idon hukuma a ƙauye. Yau Jahun tana cikin Masarautar Dutse, a Jihar Jigawa da aka kafa a 1991, sunayen ofisoshi sun sake, amma har yanzu mai alƙalami a ke nema in magana ta taso. Ku malaman ofis, ku taimaki dagatai da rubuta irin wannan takarda, ku ajiye littafi na ranakun farauta. Ku kuma malaman makaranta, ku tuna yaran da ke gabanku su ne masu bin karnuka ran Asabar da Lahadi. In kuna koyar da ladabin sallama a ƙofar gida, ku ƙara musu da cewa gona ma tana da ƙofa ko da ba a ga ƙyaure ba.

Ba na cikin masu cewa a hana farauta. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, tana ciyar da gidaje, kuma jama'a sun ga amfanin maharba wajen tsaron garuruwa a shekarun nan. Abin da zai kashe ta shi ne ranar da manoma suka gaji suka haɗa kai suka rufe gonakinsu gaba ɗaya.

A ƙauyen nan da na ba ku labari, maganar ta ƙare da sulhu. Mafarauta suka ɗaure darnin da hannunsu, suka haɗa kuɗin irin albasa. Dattijon ya yi alkawari in za su sake fitowa zai aiko tun ana saura kwana uku. An ce da ni ya cika, ya aiko, babban malami kuma ya sa yara suka kafa jan tsumma a kusurwa huɗu na lambun. Allah Ya sa sauran garuruwa su yi koyi, amin.